Daga Doki Zuwa Batir: Tarihin Baƙar Taksin Landan da Abin da Ya Koya Mana

A makon jiya muna darasin kimiyya a ajina, muna magana a kan iska da abubuwan da ke gurɓata ta, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, ai yanzu an ƙero mota mai aiki da kuran, hayaƙi ya kusa ƙarewa." Na tambaye shi yaushe yake jin aka fara irin wannan mota. Ya ce bara, ko bara waccan. Da na gaya musu cewa tun shekarar 1897 taksi mai aiki da batir yake ɗaukar fasinja a titunan Landan, sai ajin ya ɗauki dariya, sun zaci wasa nake. Can daga baya wata yarinya ta yi tambayar da ta fi ta farko nauyi: "To in haka ne, don me aka bari? Kuma me ya sa aka dawo?"

A ranar ban ba ta cikakkiyar amsa ba, lokaci ya ƙure. Wannan rubutu shi ne amsar, kuma na ga ya dace in raba ta da ƴan uwana malamai da iyaye, domin labarin ya shafi abubuwa biyu da muka sani sarai: huhun yara da abincin magidanci.

Sana'ar da doka ta rene ta

Kafin a fahimci motar, sai an fahimci sana'ar. Haya da keken doki a Landan tsohon abu ne, tun ƙarni na 17. A 1654, zamanin mulkin Oliver Cromwell, aka kafa wata doka da ta tsara aikin masu keken haya, ta kuma ƙayyade yawansu. Har yau kuma hukuma ce ke riƙe da linzamin sana'ar.

A 1865 aka shigo da jarrabawar sanin gari, wadda har gobe ake yin ta. Duk mai son tuƙa baƙar taksi sai ya haddace hanyoyi 320 da dubban tituna da wuraren da ke cikin kewayen kimanin kilomita 10 daga Charing Cross, tsakiyar birnin. Yawanci sai mutum ya shekara uku zuwa huɗu yana yawo a kan babur yana hadda kafin ya ci. Mu malamai za mu so jin cewa a shekarar 2000 wata mai bincike a jami'ar UCL ta Landan, Eleanor Maguire, ta gano cewa wani sashe na ƙwaƙwalwa mai riƙe taswirar wurare ya fi girma a wurin waɗannan direbobi idan aka gwada da sauran mutane. Saboda haka direban baƙar taksi mutum ne da ya zuba shekaru a sana'arsa, kuma yawancinsu masu zaman kansu ne: ko motar tasu ce, ko haya suke biya duk mako. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Gwajin farko, 1897

A watan Agusta na 1897 wani matashin injiniya, Walter Bersey, ya fito da taksi masu aiki da batir ƙarƙashin wani kamfani da aka kafa don haka. Su ne motocin haya na farko a Landan da ba doki ke jan su ba. An shafa musu fenti rawaya da baƙi, kuma saboda ɗan ƙugin da injinsu ke yi mutanen gari suka laƙaba musu sunan wani ɗan tsuntsu mai kaɗa fiffike da sauri. Yawansu ya kai wajen 75.

Dabarar Bersey ba ta da laifi a kan takarda. Tun da cajin batir yana cin lokaci, sai ya tsara a riƙa cire wanda ya mutu a sa cikakke a tasharsu ta Lambeth, cikin ƴan mintoci. Amma batiran dalma ne masu nauyin gaske, motar kanta ta kusa tan 2. Nauyin ya riƙa cinye tayoyi, girgizar hanya kuma tana lalata batiran. Gudunta bai kai kilomita 20 a awa ba. Wutar ma tsada gare ta, har kamfanin ya koma samar da tasa. Kuɗin gyara ya fi kuɗin shiga, kuma a 1899, shekara biyu kacal, aka janye su. Ɗaya daga cikinsu tana nan ajiye a gidan tarihin kimiyya na Landan.

Amsar rabin farko na tambayar ɗalibata ke nan. Motar ta yi tafiya, fasinja sun shiga, amma ba ta iya ciyar da mai ita ba. Babu kuma wata doka da ta hana a koma ga abin da ya fi araha. A 1903 taksi mai aiki da esansi ya shigo, ya fara ture doki sannu a hankali, har a 1947 mai keken doki na ƙarshe ya mayar da lasisinsa.

Yadda doka ta zana siffar mota

A 1906 ofishin da ke kula da motocin haya ya fitar da sharuɗɗan da kowace taksi za ta cika kafin a ba ta lasisi. Mafi shahara a ciki shi ne na juyawa: dole motar ta iya juyowa gaba ɗaya cikin faɗin ƙafa 25, wato mita 7 da rabi da ɗan ɗori, domin titunan tsohon birnin matsattsu ne. Ana yawan danganta wannan awo da ƙaramin shataletalen ƙofar otal ɗin Savoy. A 1907 aka wajabta mita mai lissafa kuɗin tafiya. Daga 1989 kuma duk sabuwar taksi sai ta iya ɗaukar mai keken guragu ba tare da ya sauka daga kekensa ba, kuma zuwa shekarar 2000 sharaɗin ya hau kan dukansu.

Waɗannan sharuɗɗa sun sa ba kowace mota ce za a shafa wa fenti a kira ta taksi ba. Sai an ƙera ta musamman. Haka aka samu Austin FX3 a 1948, sannan FX4 a 1958, wadda aka yi ta ƙerawa a birnin Coventry har 1997, kusan shekara 40. Ita ce baƙar motar nan mai tudun kai da muke gani a littattafan koyon Turanci. Bayanta TX1, TXII da TX4 suka biyo, duk da kamanni ɗaya.

Wani sakamakon shi ne kasuwar ta zama ƴar ƙarama, masu ƙerawa ba su da yawa. Sannan tun shekarun 1950 direbobi suka koma gazuwal, don ya fi araha kuma injinsa ya fi jure wahala. Mota mai nauyi, mai shan gazuwal, mai wuni tana tsaye tana tafiya a cunkoson tsakiyar gari, wani lokaci injinta na kunne tana jiran fasinja: nan matsalar ta samo tushe.

Hayaƙin da ake gani da wanda ba a gani

Landan ta daɗe da sanin illar hayaƙi. A watan Disamba na 1952 hayaƙin gawayin kwal ya haɗu da hazo ya rufe birnin kwana biyar. Ƙiyasin farko ya ce mutum dubu 4 suka mutu, binciken baya kuma ya kai adadin wajen dubu 12. Wannan ya haifar da dokar tsabtace iska ta 1956. Hayaƙin kwal ya ragu, sararin sama ya washe, mutane suka ɗauka an gama.

Ashe akwai wanda ido ba ya gani. Injin gazuwal yana fitar da wata iska mai guba da masana ke rubutawa NO2, tare da ƙananan ɓurɓushi da ke shigewa can cikin huhu. Yara sun fi cutuwa, don huhunsu bai gama girma ba, kuma tsayinsu ya fi kusa da bututun hayaƙin mota. A 2012 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa. Daga 2010 Landan ta riƙa ƙetare iyakar NO2 da dokar Tarayyar Turai ta gindaya, har a 2015 Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta umarci gwamnati ta fito da sabon shiri. A wannan shekarar dai masu bincike na King's College suka ƙiyasta cewa gurɓatar iska tana da hannu a mutuwar sama da mutum dubu 9 a birnin duk shekara. A watan Satumbanta kuma asirin kamfanin Volkswagen ya tonu, cewa ya sa wa motocinsa na gazuwal dabarar yaudarar na'urar gwaji. Amincin da aka yi wa gazuwal ya rushe.

Akwai labari guda da ya kamata kowane uba da uwa su sani. Ella Adoo-Kissi-Debrah yarinya ce ƴar shekara 9 da ke zaune kusa da wata babbar hanya mai cunkoso a kudancin Landan. Ta rasu a watan Fabrairu na 2013 bayan ta sha fama da ciwon asma. Mahaifiyarta, wadda ta yi aikin malanta kamarmu, ta shekara bakwai tana bin kadin lamarin, har a Disamba 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke hukunci cewa gurɓatar iska na cikin abin da ya kashe ta. Wannan ne karon farko da aka rubuta haka a takardar mutuwar wani a Birtaniya. Ba taksi kaɗai ke da alhaki ba, amma hukumar sufurin Landan, TfL, ta sha bayyana cewa taksi na da kaso mai tsoka na wannan iska mai guba a tsakiyar birnin.

Doka ta riga mota

A watan Janairu na 2014 magajin garin Landan na lokacin, Boris Johnson, ya sanar cewa daga ranar 1 ga Janairu 2018 ba za a ƙara ba wa sabuwar taksi lasisi ba sai wadda za ta iya tafiya ba hayaƙi. Sadiq Khan, wanda ya gaje shi a 2016 daga jam'iyyar hamayya, kuma shi kansa mai ciwon asma, bai soke ba, ya ma ƙara ƙaimi. Sharaɗin ya fito dalla-dalla: motar ta iya yin aƙalla mil 30, kimanin kilomita 48, da batir zalla, kuma hayaƙin CO2 nata kada ya wuce giram 50 a kowace kilomita. Sabuwar taksi mai gazuwal an rufe mata ƙofa.

Abin lura, a ranar da aka yi sanarwar babu irin wannan mota a kasuwa. Kamfanin da ke ƙera baƙar taksi ma bai daɗe da tashi daga jinya ba. Manganese Bronze, mai masana'antar Coventry, ya durƙushe a watan Oktoba na 2012 bayan asara ta shekaru da wata matsalar sitiyari da ta sa aka janye ɗaruruwan motoci. A Fabrairu 2013 kamfanin Geely na ƙasar Sin, wanda dama yana da hannun jari a ciki kuma shi ya sayi Volvo a 2010, ya saye shi a kan kimanin fam miliyan 11. Abin da ya zuba daga baya ya ninka haka sau da yawa: wajen fam miliyan 300 aka kashe wajen gina sabuwar masana'anta a Ansty, kusa da Coventry, da tsara sabuwar mota. An nuna samfurinta a Oktoba 2015 lokacin ziyarar shugaban Sin, Xi Jinping, a Landan. An buɗe masana'antar a Maris 2017, aka sauya wa kamfanin suna zuwa LEVC, kuma a Janairu 2018 motar farko, mai suna TX, ta shiga hannun direba.

Babu ɗan kasuwar da zai zuba irin wannan dukiya a ƙaramar kasuwa in ba shi da tabbacin masu saye. Wa'adin shekara huɗu da aka bayar, da kuma yadda magajin gari na biyu ya riƙe alkawarin na farko, su suka ba shi wannan tabbaci. Bersey bai samu ko ɗaya daga ciki ba.

Me ke cikin motar?

A nan sai mu rarrabe abu uku da ake yawan cakuɗawa. Akwai mota mai batir zalla, ba ta da tankin mai sam. Akwai mai haɗa inji da ƙaramin batir wanda injin ne kaɗai ke caja shi, ba a jona ta da wuta, irin Toyota Prius ta farko. Sai ta uku, mai haɗa biyun amma batirinta babba ne, ana jona shi da wutar gida ko ta tasha. TX tana cikin kashi na uku, da wani tsari nata na daban.

A cikin TX injin lantarki ne kaɗai ke juya tayoyin baya, ko da yaushe. Ƙarƙashin daɓen motar akwai batir mai ɗaukar kilowat-awa 31 a samfurin farko, na kamfanin LG Chem na Koriya ta Kudu. A gaba kuma akwai ƙaramin injin esansi mai silinda 3, lita 1 da rabi, daga gidan Volvo. Wannan inji ba shi da wata alaƙa da taya. Aikinsa ɗaya ne: idan batir ya yi ƙasa sai ya tashi ya samar da wuta. Duk wanda ya taɓa tayar da gurup a gida ko a shago lokacin da kuran ya ɗauke ya riga ya gane tsarin. Mota ce mai lantarki da ke yawo da janaretanta.

Bisa gwajin hukuma, batirin farko yana kai ta kimanin kilomita 100, wato bai kai rabin tafiyar Maraɗi zuwa Damagaram ba. In an haɗa da tankin esansi, alƙaluman kamfani sun ce tana yin wajen kilomita 500. A 2023 an ƙara girman batirin, tafiyarsa ta ƙaru zuwa kimanin kilomita 125. A tashar caji mai sauri, cikin kamar rabin awa batirin yake kusan cika. Duk sanda direba ya taka birki, injin lantarkin yana mayar da wani abu na ƙarfin gudun cikin batir, abin da ya dace da tafiyar cikin gari mai yawan tsayawa. Direba kuma yana da zaɓi uku: ya tafi da batir zalla, ko ya bar motar ta zaɓa da kanta, ko ya tayar da janareta ya adana cajin. Wanda ke zaune a bayan gari zai iya shigowa da esansi, ya ajiye batirinsa don tsakiyar birni inda jama'a suka fi yawa.

Don me ba a yi ta batir zalla ba? Domin an dubi direban. Mutumin da abincinsa ke kan mita ba zai yarda ya ce wa fasinjan filin jirgi "cajina ba zai kai ba". A 2018 wuraren caji mai sauri kaɗan ne a Landan, kuma batirin da zai ɗauki irin wannan babbar mota wuni guda zai yi nauyi da tsadar da ba za a iya ba. Janaretan ya cire wa direba wannan tsoro. An ga shaidar haka: a 2019 an ba wa wata taksi mai batir zalla lasisi, mai suna Dynamo, wadda aka gina a kan Nissan, amma ba ta samu karɓuwa ko kusa da ta TX ba.

Matsalar nauyi, wadda ta kayar da Bersey, an yi maganinta da gangar jiki ta alminiyam da aka manne da wani irin gam mai ƙarfi a maimakon walda, don a rama nauyin batir. Sauran tsarin kuwa tsoffin sharuɗɗa ne suka tsara shi. Tana juyawa a matsattsen wuri kamar kakanninta. Tana ɗaukar fasinja 6 a maimakon 5. Ƙofar baya tana buɗewa ta baya don a ji sauƙin shiga, akwai gadar hawan keken guragu, an sa wa madafun hannu launi mai haske don masu raunin gani, da na'urar taimaka wa masu raunin ji. Rufinta gilashi ne don baƙi su kalli gari. An kuma bar mata fuskarta ta gado, yadda ko daga nesa za a san baƙar taksi ce.

Wa ya biya?

A nan labarin ya daina daɗi. Lokacin da TX ta fito, kuɗinta ya haura fam dubu 55, sama da miliyan 40 na kuɗinmu na sefa, kuma wannan bayan an cire tallafin gwamnati na fam 7500 ne. Ta fi tsohuwar mai gazuwal tsada nesa ba kusa ba. Kamfanin ya ce direba zai rage kashe kimanin fam 100 a mako a kan mai, kuma gyaranta bai kai na tsohuwar yawa ba. Ga wanda ke da garejin da zai jona ta da dare a farashin wutar gida, lissafin yana fita.

Hukuma ta haɗa rarrashi da matsi. TfL ta riƙa biyan direbobi har fam dubu 10 su ajiye tsofaffin motocinsu, ta kafa wuraren caji mai sauri, wasu na taksi kaɗai. A ɗaya hannun, ta rage shekarun da tsohuwar taksi mai gazuwal za ta yi tana aiki daga 15 zuwa 12, a hankali tsakanin 2019 da 2022. Direban da ya yi lissafin sauran shekara uku a motarsa ya wayi gari lissafin ya ɓaci.

Ta fuskar adadi, an ci nasara. A 2023 masana'antar Ansty ta ƙera motarta ta dubu 10, kuma kafin ƙarshen shekarar fiye da rabin baƙaƙen taksin Landan sun zama masu iya tafiya ba hayaƙi. Abin da ya gagara a 1899 ya tabbata cikin shekara shida.

Sai dai rabin me? A wajajen 2013 taksin da ke da lasisi a Landan sun haura dubu 22. Bayan shekara goma ba su kai dubu 15 ba. Ba za a ɗora wa sabuwar mota laifin duka ba. Uber ya shigo birnin a 2012 da motoci masu araha da direbobin da ba su yi jarrabawar sanin gari ba. Annobar korona ta 2020 ta tsayar da aiki cak, har jaridu suka nuna hotunan ɗaruruwan taksi jere a fili a bayan gari ba mai tuƙawa. Amma tsadar motar ta taimaka. Dattijon da ya rage masa ƴan shekaru ya huta ba zai ci bashin miliyoyi ba, sai ya ajiye makulli. Matashi kuma yana ganin shekara huɗu na hadda, ga bashi na jiran sa a ƙarshe. A halin nan farashin motar ya ƙara hawa, tallafin kuma ya sauka zuwa fam dubu 6 a 2024, sannan dubu 4 a 2025. A wannan shekarar cibiyar nazari ta Centre for London ta yi gargaɗin cewa in aka ci gaba a haka, baƙar taksi za ta iya ɓacewa kafin 2045.

Akwai kuma wani rauni da ke jikin duk mota mai haɗa batir da mai: tsabtarta tana hannun mai ita. In bai jona ta ba, ta koma motar esansi mai ɗauke da batir a banza. Binciken da aka yi a 2020 a kan irin waɗannan motoci na gida da na ofis a ƙasashe da dama ya nuna suna shan mai ninki biyu zuwa huɗu na abin da gwajin hukuma ya nuna, saboda ba a cajin su yadda aka zata. Direban taksi ya fi kowa dalilin caji, tun da daga aljihunsa man ke fita. Amma da yawa a Landan a gidajen bene suke, ba su da wurin jonawa da dare. Wutar tashar caji ta fi ta gida tsada, harajinta kashi 20 cikin 100 ne alhali ta gida kashi 5, kuma da farashin makamashi ya tashi a 2022 ratar da ke tsakanin caji a waje da sayen esansi ta tsuke. Rabin awar da ya yi a layin caji kuma rabin awa ce ba fasinja.

Wani abu da ya taimaki Landan shi ne ita kanta wutar ta tsabtata. A 2012 kusan kashi 40 cikin 100 na lantarkin Birtaniya daga kwal yake. A ƙarshen Satumba 2024 aka rufe tashar kwal ta ƙarshe a ƙasar. Da ba haka ba, da an kwashe hayaƙin ne daga titi an kai shi wani gari.

Abin da zan gaya wa ajina

Ba na kawo wannan tarihi don in ce a sayo TX a zuba a Yamai ko Tawa ba. Motar da ake jonawa tana bukatar wutar da za a dogara da ita, mu kuwa ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da aka yanke layin da ke kawo mana mafi yawan wutarmu daga Najeriya. Kuɗin guda ɗaya kuma zai sayi adaidaita masu yawa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin ɗauka shi ne yadda aka yi canjin. An faɗi ranar tun da sauran shekara huɗu, kuma wanda ya hau kujera bai rushe abin da ya tarar ba. An ƙera motar daidai da tsoron wanda zai yi aiki da ita, aka yarda da rabin mataki da mutane za su iya takawa. Inda aka gaza kuwa shi ne wajen raba nauyi: iska mai tsabta ta kowa ce, amma mafi yawan kuɗinta ya faɗa kan mutum guda mai bashi a wuya. Mu da muka ga sauye-sauyen tsarin karatu suna sauko mana daga sama, wani da littattafai da horo, wani kuwa takarda kawai, mun san bambancin a jikinmu.

Akwai kuma abin da ba ya bukatar ko dala. A Landan, unguwanni da yawa yanzu suna rufe titin ƙofar makaranta ga motoci a lokacin shiga da tashi, kuma ana hana barin inji a kunne a tsaye. Ku tsaya a ƙofar makarantarku da ƙarfe 8 saura, ku ƙirga babura da adaidaita nawa ne ke tsaye suna tuttuɗo hayaƙi daidai hancin ƴan aji ɗaya. Wannan magana ce da daraktan makaranta da ƙungiyar iyayen yara za su iya gamawa a zama guda: a sauke yara ɗan nesa da ƙofa, wanda zai jira ya kashe inji.

Ita kuwa ɗalibata, ranar Litinin zan ce mata: an bari a 1899 don motar ba ta ciyar da mai ita ba, an dawo a 2018 don an gano hayaƙi na kashe yara, kuma har yanzu mutanen Landan ba su gama sasanta waɗannan biyun ba. Sannan in ba ajin aikin gida, kowa ya tambayi wani ɗan kabu-kabu ko mai adaidaita a unguwarsu nawa yake kashewa a mai kowace rana, da abin da zai sa ya yarda ya canza abin hawansa. Abin da suka kawo, in Allah ya yarda, zan kawo muku shi a nan.

Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, ya sa wa masu nema albarka a sana'arsu.